Akori-kurar da Ke Tsaron Fili

Nassarawa GRA, Kano

Zuwa ga Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Rukayya da maigidanta da yara. Yaya bayan naka? Yaya zafin Nguru? Mu nan lafiya lau. Afrah tana gaishe ka, ta ce man zafin da ta aiko a riƙa shafa maka shi bayan wanka.

Ran nan na kira wayar Rukayya ta kara maka a kunne, ina ta ihu har maigadi ya leƙo ya ga da wa nake faɗa, kai kuma kana ta cewa "Wa ke magana?" Shi ya sa na koma takarda. Bala direba ya ce zai riƙa kawo maka duk sa'ad da ya yi lodin Nguru.

To Kawu, aikin da ka nema mini a gidan Alhaji na kama, Allah ya saka da alheri. Har yanzu Alhaji yana ba da labarin yadda kake tayar masa da tsohuwar fijo lokacin ba shi da komai. Aikin kuwa ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Motoci ne a jere cikin rumfa, kowace da rigarta. Da safe in yaye musu riga, in tayar da kowace ta yi ɗumi, in duba mai da ruwa da iskar taya, in kashe, in mayar da riga. Shi ke nan fa. Kafin hantsi na gama. Alhaji yawanci ba ya gari, wasu motocin tun da na zo ba su ga titi ba. Ranar farko na shigo da akwatin sifanuna, manajan gidan ya ce in kai ɗaki in ajiye, wai motocin suna da garantin kamfani, in wani ya kwance ko noti ɗaya garantin ya tashi. In abu ya lalace kamfani ake kira.

An ba ni ɗaki a baya mai fanka, an ba ni fararen rigunan aiki. Farare, Kawu! Unguwar kuma shiru kamar gidan rasuwa, sai tsuntsaye a kan darbejiya. Baƙin da ke ƙarƙashin farcena ya fita, tafin hannuna ya fara laushi. Da na je gida Gama ran Asabar, Afrah ta kama hannun tana juyawa, ta ce yau ta san mutum ta aura. Na yi dariya, me zan ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Akori-kurarka da ke kan filinmu a garejin Tudun Wada, a bar ta a inda take. Na san ba ta da inji, ba ta da taya, kaji ma sun mai da ita gida. Amma ka fi ni sanin dokar wurin, da kai aka kafa ta: muddin motar mutum tana kan fili, ko ƙarfe ne kaɗai ya rage, filin nasa ne, ranar da aka janye ta, ƙungiya ta ba wani. Malam Sagiru, shugaban ƙungiya, ya ce mini idanu sun yi yawa a kan wurin. Motar taka ce, filin ma da sunanka yake, shi ya sa nake faɗa maka.

Ɗanka,
Lawan

*

Nguru

Lawandi, ja'iri,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Rukayya ta ce bari ta karanta mini, na ce kunne ne ya mutu, ido yana nan. Muna lafiya. Bayan nan yana nan yadda ka san shi, sallah a zaune nake yi. Ka gaishe da Afrah, man yana ɗan taimakawa.

Da na zo wurin da ka ce hannunka ya yi laushi, sai da na ajiye takardar na yi hamdala. Kai, yaro, ka san abin da Allah ya yi maka kuwa? Ka zo ka ga nawa hannun. Kofin shayi ba na iya riƙewa da ɗaya, sai na haɗa biyu, shi ma rabi a riga yake ƙarewa. Yatsun sun lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da sifana. Tun ina saurayi nake kwance a ƙasa, ruwa a kaina, rana a kaina, baƙin mai a ido. Kunnuwan nan guduma da salansa suka cinye su. Me na fito da shi? Ga ni a gidan suruki, 'yata tana ɗaga ni tana zaunarwa.

Wai shiru kake kuka da shi. Ni fa da nake cikin shirun da ba ya ƙarewa? Ka sha iskar fanka, ka sa farar rigarka. Ranar da uwarka, ƙanwata, ta kawo ka gareji ta damƙa mini, abin da ta ce shi ne in koya maka sana'a amma kada in bari ta cinye ka. Allah ya ji ƙanta. Yanzu na ji na sauke wannan nauyin.

Akori-kura ta zauna, ba ta ci mini tuwo. Amma kada ka riƙa waiwayenta. Ka riƙe Alhaji da amana, kada in ji an ce ka yi ƙorafi.

Kawunka,
Sule

*

Nassarawa GRA, Kano

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. A gaishe da Rukayya. Ka yi haƙuri na kwana biyu ban rubuto ba. Lafiyata ƙalau, har ƙiba na yi, wanduna sun fara matse ni.

Ka ce kada in yi ƙorafi, ba zan yi ba. Labari kawai zan ba ka. Makon jiya na tayar da motar Hajiya, direba ya ja ta zuwa bakin ƙofa, na ji wata 'yar ƙara a ƙafar gaba. Wallahi sai murna ta kama ni. Na durƙusa zan leƙa, manaja ya ce in tashi kada in ɓata riga. Aka kira kamfani, suka zo da janwe suka ɗauke ta, ni na buɗe musu ƙofa. Har yau ban san me suka samu ba. Aka dawo da ita, na mayar mata da riga.

Abin ya tsaya mini a rai, ran Lahadi na ce bari in je gareji in ga mutane. Tun daga bakin titi na ji warin baƙin mai da ƙarar guduma, sai na ji kamar na shiga ɗakin uwata. Akori-kura tana nan, ciyawa ta fito ta cikinta. Na tarar da Hanif yana fama da giyabos ɗin wata Golf. Ka tuna shi, dogon nan da na koya wa riƙon sifana. An yaye shi bara, ya yi aure, amma ba shi da fili, yana raɓe a rumfar wasu. Na cire riga na ce ya matsa.

Kawu, noti ɗaya ya gagare ni. Na ja, na ja, numfashina ya ɗauke, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Hanif ya sa hannu ɗaya ya kwance shi. Wani ya ce a kawo wa ɗan GRA safar hannu, wani ya ce a'a, a kawo fanka. Gareji ya ɗauki dariya. Na san wasa ne, ni ma da haka nake yi wa wasu. Amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na sa rigata na fito, ko sallama ban yi ba. Na rantse ba zan sake taka wurin nan in tsaya ana yi mini dariya ba. Tun ranar suke ta kirana a waya, har Malam Sagiru, ban ɗauki ta kowa ba.

Akwai wata shawara da nake juyawa a raina game da filin, amma ba maganar takarda ba ce, nauyinka nake ji. Sai na zo da Sallah.

Ɗanka,
Lawan

*

Nguru

Lawandi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta sauka, bayan nan ya san da haka. Ina fata hannun ya warke.

Assha! Su waye suka yi maka dariya? Rabinsu ni na koya musu bambancin mai da ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ka ga alherin da ke ciki: yanzu ka gani da idonka cewa ka wuce wurin nan. Rantsuwar da ka yi ta yi mini daidai.

Shawarar da kake jin nauyin faɗa mini kuwa, ai na gane ta. Kana so a rabu da filin, kana tsoron kada in ji zafi don a nan na ƙare ƙuruciyata. Allah ya yi maka albarka da wannan kunya. To na hutar da kai. Malam Sagiru ya zo Nguru ta'aziyyar wani ɗan'uwansa, ya biyo ya gaishe ni. Ya rubuta mini a bayan kwalin magani cewa ya neme ka ba ka ɗaukar waya, ga Hanif matarsa ta kusa haihuwa, ba shi da wurin kansa. Na ce ya kira 'yan gwangwan su janye akori-kura, abin da suka bayar a sa a masallacin gareji, a ba Hanif filin. Gara wanda ya fito daga hannunka da baƙo.

Ba zan ɓoye maka ba, bayan ya tafi ban iya cin abinci ba. Amma na yi ne don ka zauna da zuciya ɗaya. Da Sallah ka zo mu yi hira kawai, ba sai ka sha wahalar neman ta inda za ka fara ba.

An ce motar Bala ta buga inji, ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Kawunka,
Sule

*

Nassarawa GRA, Kano

Kawu,

Assalamu alaikum. Shiru ban ji daga gare ka ba, Allah ya sa lafiya. Na ji motar Bala tana gyara, zan ajiye wannan a wurinsa har ya tashi.

Na ce sai Sallah, amma na kasa jira. Kawu, ka yafe mini, na ajiye aikin. Alhaji ya shigo gari, na same shi na durƙusa na gode masa. Ya tambaya ko albashi ne ya yi kaɗan, na ce a'a. Ko wani ya ɓata mini, na ce a'a. Ya ce to mene ne? Na ce ranka ya daɗe, ni bakanike ne. Sai ya ce Allah ya ba da sa'a. Manaja har ya samo wanda zai maye gurbina, ƙarshen wata zan ba shi ɗakin.

Afrah ta yi kuka, har yanzu ba ta yi mini magana sosai. Na san kai ma ranka zai ɓaci. Amma na rantse ba zan koma garejin nan a baƙo ba, sai dai in koma da akwatina in zauna a filina, hannun ya sake yin kanta, mu ga mai dariya. Shawarar ke nan. Tun da na faɗa wa Alhaji nake jin yunwa irin ta da. Na fito da sifanuna na goge su ɗaya bayan ɗaya, na sayi tamfol sabo na rumfa. Akori-kura ma na yi niyya, in hali ya yi, in nema mata inji da tayoyi ta tashi, in zo Nguru da ita in ɗauke ka mu zaga gari.

Ban faɗa wa kowa a gareji ba, so nake su gan ni kawai.

Ɗanka,
Lawan

*

Gama, Kano

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Takardarka ta same ni, amma sai bayan na gani da idona. Ran ɗaya ga wata na ɗauki a-daidaita-sahu, na loda akwati da tamfol, na sauka a gareji. Na nemi akori-kura ban gan ta ba. Na ɗauka layi na ɓata, a wurin da na girma. Inda take an share, an kafa rumfar kwano, ga mota a kan jak, ga ƙafafun Hanif sun leƙo daga ƙarƙashi. Ina tsaye da tamfol a kafaɗa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Malam Sagiru ya ja ni gefe. Ya ce da bakinka ka ba da izini, an yi addu'a, an raba goro a gaban ƙungiya. Ka san in an raba goro an gama. Ya ce ya kira ni ya fi a ƙirga. Gaskiya ya faɗa, ina ganin kiran ina kifa wayar. Babu sauran fili, masu jira suna da yawa. Gidan Alhaji kuma wani yana ɗakina.

Kawu, ban taɓa mayar maka da magana ba, yau ma ba zan yi ba. Tambaya ce kawai. A takardata ta farko abu ɗaya na roƙa. Ɗaya tak. Yaya aka yi ka karanta cewa ina so a rabu da filin? Duk abin da na rubuto maka, fararen riguna, motar Hajiya, hannun nan, ashe murna ka ji a ciki? Ni kuka nake yi maka. Ban san yadda ake yi wa wanda ya nema maka alheri kuka a fili ba, shi ya sa na yi ta zagaye.

Na dawo gida da akwatin. Afrah ta kalle shi, ta kalle ni, ta shiga ɗaki. Yana nan a tsakar gida na rufe shi da tamfol ɗin saboda ruwa.

Lawan

*

Nguru

Ɗana Lawan,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu Bala ya kawo mini a haɗe. Na fara da wadda ka ce za ka zo da akori-kura ka ɗauke ni, ina murmushi ina zaginka, sannan hankalina ya dawo. Ta biyun da ƙyar na ƙarasa ta, idona ya cika da ruwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka tambaye ni yaya aka yi. Na karanta abin da nake so in gani ne, ba ni da wata amsa.

Bari in faɗa maka abin da ko Rukayya ba ta sani ba. Kullum da hantsi nakan lallaɓa da sanda zuwa tasha. Ta ɗauka hira nake zuwa, kurma da hira! In mota tana aiki sai in ɗora tafin hannuna a kan bonet in ji injin a hannu, tunda kunne ya ƙi. Direbobi sun ɗauka tsufa ne ya taɓa ni. Wani lokaci in ji fulogi ɗaya ba ya ci, in faɗa, ba mai kula ni. In dawo gida ranar ta yi mini daɗi. To ni da nake wannan, ni ne na zauna ina gaya maka ka sha iskar fanka.

Zan zo Kano. Ko a kwance Bala zai ɗauko ni. Zan durƙusa wa Sagiru a gaban ƙungiya in ce tsufa ne ya sa na yi kuskure. Da ni aka kafa dokar, za su ji kunyata. Ka ba Afrah haƙuri, ka ce laifin nawa ne.

Kawunka,
Sule

*

Gama, Kano

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Don Allah kada ka taso, hanyar nan za ta ƙarasa bayanka. Na gaya wa Bala ko ka shiga motarsa ya sauke ka. Kuma ko ka zo, me za a yi? Matar Hanif ta haihu, a rumfar nan aka raba goron suna. In an tashe shi saboda ni, da wane ido zan zauna a wurin? Na yafe, Kawu, kai ma ka yafe mini zafin takardata.

Hanif ya zo har gida ya tsuguna a zaure. Ya ce bai san ina da niyyar dawowa ba, ya ce Yaya Lawan, zo mu yi aiki tare, wurin ya ishe mu. Na kwana biyu ina juya maganar. Ka san fili ɗaya maigida ɗaya ne, duk wanda ya ƙaru a ƙarƙashinsa yake. Afrah ta ce in na yarda na zubar da girmana. Na ce girman yana tsakar gida a ƙarƙashin tamfol. Na kai akwatina.

Hannun ya fashe, ya warke, ya fara tauri. Abin da nake samu bai kai rabin na gidan Alhaji ba, kuma da yamma bayana yana yi mini irin maganar da naka ya fara yi maka. Amma ina cin abinci, ina barci. Hanif yana girmama ni, ba ya sa ni aiki, sai dai ya ce "Yaya, ko za ka duba wannan?" Wani lokaci hakan ya fi umarni ciwo.

Jiya Malam Anas ya zo, malamin makarantar nan na Hotoro mai tsohuwar Starlet, wanda tun kana nan yake kawo mana. Da ya gan ni ya fito da gudu ya rungume ni da baƙin man da komai. Ya ce tun da na tafi yake lallaɓa ta, bai bari kowa ya buɗe ta ba. Na sa ya tayar, na saurara, na ce ya bar ta zuwa jibi. Ya zare makulli ya miƙo mini, kamar yadda ya saba.

Hannuna har ya tafi zai karɓa, Kawu. Sai na tuna a gareji mai fili ake ba makulli. Hanif yana tsaye a bayana, ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa. Malam Anas yana ta miƙo mini yana murmushi, bai san komai ba. Na goge hannuna a wando, na ce, "Malam, ga maigidan nan, shi za ka ba."

A gaishe da Rukayya da yara.

Ɗanka,
Lawan